Ƙarfi da Jimirin Zaren Gizo-gizo da na Tsutsar Siliki, da Abin da Suke Koya Mana Game da Zaren Tsamiya

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya bi hanyar fadama a Diggi cikin watannin kaka, lalle ya sha cin karo da saƙar gizo-gizo a tsakanin karan dawa ko rassan itace, ta sha raɓa tana ƙyalli. Abin da yawancinmu mukan yi shi ne mu sa hannu mu share ta daga fuska mu wuce, domin a wurin Bahaushe yana alama ce ta ɗakin da ba a shara. In kuwa aka fito da tsohuwar rigar tsamiya daga adaka ranar salla, sai ka ga dattawa suna shafa aikinta suna yaba ƙarkonta. Waɗannan abubuwa biyu, wanda ake rainawa da wanda ake girmamawa, 'yan ɗaki ɗaya ne a wurin masana kimiyya. Dukkansu siliki ne, watau zaren furotin da wata ƙaramar halitta take fitarwa daga jikinta.

Manufar wannan takarda ita ce mu bayyana, cikin harshen Hausa, yadda ake auna ƙarfin irin waɗannan zaruruwa, da sakamakon da aka samu, da kuma dalilin da ya sa zaren gizo-gizo ya sha bamban da na tsutsar siliki. Daga nan za mu dawo gida mu ga abin da wannan ilmi yake faɗa mana game da zaren tsamiya, wanda shi ne silikinmu na gado. Muna da dalili biyu na ɗaukar wannan batu. Na farko, malaman da muke horarwa sukan koyar da darasin ƙarfin kayayyaki da misalin waya da ƙarfe kurum, alhali ga misalai a bakin ƙofar ajinsu. Na biyu, sana'ar tsamiya tana ja da baya, kuma abin da ba a san darajarsa ba, ba a yi masa kuka ranar da ya ɓace.

2.0 SILIKI A ƘASAR HAUSA

Kakanninmu sun san siliki iri biyu. Na farko shi ne alharini, kalmar da muka aro daga Larabci. Wannan zare na tsutsar siliki ce ta gida, wadda masana suke kira Bombyx mori, wadda mutanen ƙasar Sin suka fara kiwo kimanin shekara 5,000 da suka wuce, suna ciyar da ita da ganyen malberi. Fatake ne suke kawo alharini rinanne ja daga Tarabulus, su ƙetaro Sahara da shi ta Gadamas da Gat har Kano. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya lissafa shi cikin manyan kayan da ake shigowa da su kasuwar birnin. Shi ne kuma ya sauka Gwandu a 1853, sa'an nan cikin watan Yuni na wannan shekara ya bi ta Birnin Kebbi da Diggi da Zogirma a kan hanyarsa ta zuwa Sayi. Da alharini ake saƙa barage, da shi kuma ake yi wa manyan riguna shafi.

Na biyu shi ne tsamiya, kuma shi haifaffen ƙasar nan ne. Wasu tsutsotsi ne na dangin da ake kira Anaphe suke yin sa. Suna cin ganyen tsamiya, inda zaren ya samo sunansa, wasunsu kuma ganyen doka. Ɗabi'arsu ita ce in lokacin rikiɗarsu ya yi sai su taru da yawa su saƙa gida guda na tarayya kamar jaka, kowace kuma ta naɗe kanta a ciki. Wannan jaka ake ɗebowa daga daji a dafa ta da ruwan toka, a wanke, a shanya, a tsefe, sa'an nan mata su kaɗa ta da mazari kamar yadda ake kaɗin auduga. Yarbawa suna kiran zaren sanyan. Garuruwan Bida da Ilori, waɗanda suka yi suna wajen saƙa da ɗinkin manyan riguna masu aska biyu da aska takwas, a ƙarƙashin Gwandu suke a ƙarni na 19. Saboda haka tarihin wannan zare bai rabu da tarihin masarautarmu ba.

A nan akwai abin lura wanda za mu koma kansa a gaba. Tsutsar gida tana yin ƙunshinta ita kaɗai da sili guda wanda yakan kai mita 300 zuwa 900, wani lokaci ma ya wuce, kuma ana iya warware shi bai tsinke ba. Jakar tsamiya kuwa silin tsutsotsi da yawa ne suka sarƙe da juna, ba ta warwaruwa, sai dai a tsefe ta guntu-guntu a kaɗa.

3.0 ME AKE NUFI DA ƘARFIN ZARE?

In Bahaushe ya ce igiya tana da ƙarfi, yakan haɗa ma'anoni da dama cikin kalma ɗaya. Mai bincike kuwa dole ya rarrabe su, domin kowace da ma'auninta. Mun zaɓi kalmomi huɗu don wannan aiki, muna kuma gabatar da su ga wannan taro don a duba dacewarsu.

(a) Ƙarfi: shi ne iyakar jan da zare zai ɗauka kafin ya tsinke, in an raba shi da kaurin zaren. Wajibi ne a yi wannan rabo, in ba haka ba igiyar rama mai kauri za ta zama ta fi siririyar waya, alhali kauri ne kurum ya taimake ta. Ana auna ƙarfi da gigafaskal. Zaren da ke da gigafaskal 1, in faɗin bakinsa murabba'in milimita 1 ne, zai ɗauki kimanin kilo 102 kafin ya tsinke, watau buhun shinkafa biyu masu kilo 50 da 'yan kai.

(b) Miƙuwa: ita ce yawan ƙarin tsawon da zare zai yi kafin ya tsinke. In zare mai santimita 100 ya kai santimita 118 sa'an nan ya tsinke, miƙuwarsa kashi 18 cikin 100 ke nan.

(c) Tauri: shi ne gardamar da zare yake yi tun farkon ja. Waya tana da tauri ƙwarai, danƙon harbin tsuntsu kuwa kusan ba shi da shi. Shi ma da gigafaskal ake auna shi.

(d) Jimiri: shi ne jimlar aikin da za a yi, watau makamashin da za a kashe, kafin a tsinke zare. Ana auna shi da megajul a kowane kubik mita. Jimiri ɗa ne ga ƙarfi da miƙuwa. In ɗayansu ya yi ƙaranci, shi ma sai ya yi ƙaranci.

Masuntan Gulbin Kabi sun san bambancin ƙarfi da jimiri ko da ba su kira su da waɗannan sunaye ba. In babban kifi kamar giwan ruwa ya faɗa taru da gudu, zaren da ba ya miƙuwa ko kaɗan dole ya karɓi dukan gaba ɗaya a cikin ƙiftawar ido, sai ya yanke. Wanda yake sassautawa kuwa yakan bi kifin sannu a hankali, yana rage masa gudu har ya tsaya. Wannan ita ce matsalar da gizo-gizo yake fuskanta kullum: ƙwaro ne mai tashi zai faɗo saƙarsa da gudu, kuma abincinsa ya dogara ga ko saƙar za ta tsai da shi.

4.0 ABIN DA AWO YA NUNA

Alƙaluman da aka fi dogara da su wajen kwatanta waɗannan zaruruwa su ne waɗanda John Gosline da abokan aikinsa na Jami'ar British Columbia a ƙasar Kanada suka tattara suka buga a 1999. Gizo-gizon da suka yi misali da shi na jinsin Araneus ne, mai saƙa zagayayya irin wadda muke gani a gonaki. Irin wannan gizo yana da jakunkunan yin zare har iri bakwai, kowanne da aikinsa, amma biyu ne suka fi shafar batunmu: zaren ginshiƙi, wanda da shi yake kafa ƙafafun saƙa kuma yake lilo da shi, da zaren kamu, wanda yake zagayawa da shi mai danƙo. Ga sakamakon:

Zaren ginshiƙi na gizo-gizo: ƙarfi 1.1, miƙuwa kashi 27, tauri 10, jimiri 160.
Zaren kamu na gizo-gizo: ƙarfi 0.5, miƙuwa kashi 270, tauri 0.003, jimiri 150.
Zaren tsutsar siliki: ƙarfi 0.6, miƙuwa kashi 18, tauri 7, jimiri 70.
Zaren nailan: ƙarfi 0.95, miƙuwa kashi 18, tauri 5, jimiri 80.
Zaren Kevlar 49: ƙarfi 3.6, miƙuwa kashi 2.7, tauri 130, jimiri 50.
Baƙin ƙarfe mai ƙwari: ƙarfi 1.5, miƙuwa kashi 0.8; tauri 200; jimiri 6.

Bari mu tsaya mu karanta waɗannan alƙaluma da natsuwa, domin ana yawan kuskure a kansu. Sau da yawa mukan ji an ce zaren gizo-gizo ya fi ƙarfe ƙarfi. In kauri ɗaya aka ba su, maganar ba haka take ba: na gizo zai ɗauki kimanin kilo 112 a murabba'in milimita, na ƙarfe kilo 153, na tsutsar siliki kuwa kilo 61. Amma ƙarfe ya ninka siliki nauyi sau shida, domin kubik santimita na ƙarfe giram 7.8 ne, na siliki kuwa wajen giram 1.3. Saboda haka in nauyi ɗaya aka ba su, zaren gizo ya ninka ƙarfe ƙarfi fiye da sau huɗu. Wata hanyar ganin haka ita ce a ƙaddara an rataye zare daga sama ana ta ƙara masa tsawo har nauyin kansa ya tsinke shi. Lissafi ya nuna wayar ƙarfe za ta tsinke a wajen kilomita 20, zaren tsutsar siliki a wajen kilomita 47, na gizo-gizo kuwa sai ya kai wajen kilomita 86.

Inda zaren gizo ya yi zarra sosai shi ne jimiri. Ɗalibi zai iya kimanta jimiri da kansa: ya mai da ƙarfin zuwa megafaskal, ya ninka shi da miƙuwa, ya raba biyu. Ga ƙarfe, 1,500 sau 0.008 a raba biyu ya ba da 6. Ga Kevlar, 3,600 sau 0.027 a raba biyu ya ba da kusan 49. Ga zaren ginshiƙi, 1,100 sau 0.27 a raba biyu ya ba da kusan 149, wanda bai yi nisa da 160 da aka auna ba. Ashe ƙarfe da Kevlar miƙuwa ce ta kāsa musu. Da haka zaren gizo ya ninka Kevlar jimiri sau uku, ya ninka ƙarfe fiye da sau 25, ya kuma ninka na tsutsar siliki fiye da sau biyu.

Daɗin daɗawa, an auna cewa kimanin kashi 65 cikin 100 na makamashin da aka sa wajen miƙa zaren gizo ba ya dawowa in an sake shi. Zafi yake zama ya watse. Amfanin wannan a fili yake. Da saƙar tana mai da duk abin da aka ba ta kamar danƙo, da ƙwaron da ya faɗo ciki sai ta cilla shi waje.

Har wa yau, alƙaluman 1999 ba su ne iyaka ba. A 2010 Ingi Agnarsson da Matjaž Kuntner da Todd Blackledge sun ba da rahoton wani gizo na tsibirin Madagaska, Caerostris darwini, wanda yake shimfiɗa zarensa ya ƙetare kogi har tsawon mita 25. Matsakaicin jimirin zarensa 350 ne, wasu silin ma sun kai 520.

5.0 YADDA AKA GINA ZAREN

Me ya ba wannan siririn abu, wanda kaurinsa bai wuce maikuromita 3 zuwa 5 ba, watau ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na silin gashin kai, irin wannan hali? Amsar tana cikin gininsa. Furotin doguwar sarƙa ce ta ƙananan tubala da ake kira amino asid. A cikin siliki, tubala biyu ne suka fi yawa, gilaisin da alanin, kuma su ne mafiya ƙanƙanta a cikin tubalan. Saboda ƙanƙantarsu, sassan sarƙar da suke jere a cikinsu sukan kwanta kusa da juna su manne, su yi ƙullutu masu tauri kamar tsakuwa. Sauran sassan sarƙar kuwa a cukurkuɗe suke, suna iya warwarewa in an ja su.

Mu kwatanta da taru. Ƙullin da ke kowace mahaɗa shi ne yake hana tarun zamewa, zaren da ke tsakanin ƙulli da ƙulli kuma shi ne yake ba da sassauci. Ƙullutun nan masu tauri su ne tushen ƙarfi, sassan da ke cukurkuɗe su ne tushen miƙuwa. In ƙullutu suka yi yawa, zare ya yi tauri amma ya yi saurin karyewa. In suka yi kaɗan, ya miƙe kamar danƙo. Zaren kamu na gizo kusan ba shi da irin waɗannan ƙullutu, shi ya sa yake miƙuwa kashi 270. A zaren tsutsar siliki ƙullutun sun fi yawa kuma sun fi girma. A zaren ginshiƙi na gizo ƙanana ne ƙwarai, na jerin alanin, a warwatse cikin sassa masu yawan gilaisin. Randolph Lewis da abokan aikinsa a Jami'ar Wyoming ta Amurka su ne suka fara karanta tsarin furotin biyu na wannan zare, a 1990 da 1992.

Kayan gini kaɗai ba su isa ba, sai da gwanintar magini. Gizo yana ajiye furotin a jikinsa ruwa-ruwa mai kauri. In zai yi zare, ruwan yakan bi wata siririyar hanya mai ƙara matsewa, inda ake tsotse masa ruwa, tsaminsa ya ƙaru, sarƙoƙin su miƙe su jeru. Ba feso zaren yake yi ba, jan sa yake yi da ƙafafunsa ko da nauyin jikinsa, kamar yadda mai kaɗi take jan sili daga auduga. Duk wannan cikin ruwa yake faruwa, ba wuta ba guba, alhali Kevlar sai da asid mai ƙuna ake yin sa.

Akwai wani hali kuma da Robert Work ya bayyana a 1977. In zaren ginshiƙi ya jiƙe kuma ba a ɗaure bakinsa ba, yakan tsuke har ya kusa rabin tsawonsa. Masana da dama suna ganin wannan ne yake ɗaure saƙar da ta saki in raɓa ta sauka. Ga masaƙi kuwa wannan aibi ne babba, domin ba mai son rigar da za ta koma rabi in an wanke ta. Zaren tsutsar siliki ba ya yin haka.

6.0 DON ME TSUTSA TA GAZA GIZO?

Kowane zare da aikin da aka yi shi dominsa. Tsutsa ɗaki take ginawa wanda za ta kwanta a ciki ta rikiɗa, ba tarko ba. Tana fitar da sili biyu tare daga bakinta, na furotin da ake kira fiburoyin, a lulluɓe da wani danƙo mai suna serisin, wanda yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyin ƙunshin. Tana saƙa tana karkaɗa kai hagu da dama kamar mai rubuta lamba 8, saurin jan yana hawa yana sauka, kuma kowace kwana tana barin rauni a jikin silin. Bayan haka mutum ya zo ya dafa ƙunshin don ya cire danƙon, dahuwar ma ta rage wa silin ƙarfi.

A 2002 Shao Zhengzhong na Jami'ar Fudan da Fritz Vollrath na Jami'ar Oxford suka gwada wata dabara. Suka riƙe tsutsar, suka ja silin kai tsaye daga bakinta da sauri madaidaici. Sakamakon da suka buga a mujallar Nature ya nuna cewa silin da aka ja haka ya fi na ƙunshi ƙarfi nesa, har ya doshi na gizo, kuma in an ja da sauri ƙarfi ne yake ƙaruwa, in an ja a hankali miƙuwa ce take ƙaruwa. Darasin da ke nan shi ne, wani kaso mai yawa na gazawar silikin kasuwa daga yadda aka kaɗa shi da yadda aka sarrafa shi yake, ba daga asalin furotin kaɗai ba.

7.0 GIDA DABAN, ZARE DABAN

Ɗalibanmu sukan yi wata tambaya duk lokacin da muka kawo wannan darasi, kuma ta cancanci amsa. Sukan ce, ai a Suratul Ankabut an buga misali da gidan gizo-gizo wajen rauni, to yaya za a ce zarensa yana da ƙarfi? Amsar da mukan ba su ita ce babu karo tsakanin maganganun biyu. Ƙarfin da muke aunawa na kayan gini ne bayan an raba shi da kauri. Gida kuwa ana auna shi da ko yana kare mai shi daga rana da ruwa da iska da maƙiyi, kuma saƙar gizo ba ta kare shi daga ko ɗaya. Sili mai kaurin maikuromita 4, duk da gigafaskal 1.1 da yake da shi, abin da zai ɗauka bai kai giram 2 ba, don haka yatsan yaro ya isa ya rushe gidan duka. Wannan tambaya ma ita ce hanya mafi sauƙi ta koya wa ɗalibi bambancin ƙarfin kaya da ƙarfin abin da aka gina da shi.

8.0 ƘOƘARIN SAMUN ZAREN GIZO DA YAWA

Tun da daɗewa mutane suke kwaɗayin wannan zare. A 1709 wani Bafaranshe, Bon de Saint-Hilaire, ya saƙa safar hannu da ta ƙafa da silikin gizo. Da aka ɗora wa masani Réaumur binciken ko za a iya mai da abin sana'a, sai ya gano a 1710 cewa gizo-gizo ba ya kiwatuwa, domin in an tara su wuri ɗaya cinye juna suke yi. A zamaninmu Simon Peers da Nicholas Godley sun sa an tatsi zaren gizo fiye da miliyan 1 a Madagaska kafin a sami mayafi guda mai ruwan zinariya, wanda aka nuna a birnin New York a 2009.

Saboda haka masu bincike suka koma ga dasa ƙwayar halittar gizo a jikin wasu halittu. Kamfanin Nexia na Kanada ya gwada da awaki a farkon shekarun 2000, don furotin ya fito cikin nono. Kamfanin Spiber na Japan ya bi ta hanyar ƙananan ƙwayoyin halitta da ake kiwo cikin tanki, ya fitar da rigar sanyi ta sayarwa a 2019. A 2023 kuma masu bincike na Jami'ar Donghua a ƙasar Sin suka ba da rahoton tsutsar siliki da aka sauya wa halitta tana fitar da cikakken furotin gizo, silinta yana da ƙarfin gigafaskal 1.3 da jimiri 319. In an lura, bayan duk wannan kewaye, ga tsutsa aka dawo, domin ita ce take da na'urar kaɗi a jikinta kuma take yarda da kiwo.

9.0 ZAREN TSAMIYA A WANNAN MA'AUNI

Tun a shekarun 1950 masu binciken zare a Ingila suka gano cewa fiburoyin na Anaphe kusan dukkansa gilaisin ne da alanin, fiye da kashi 90 cikin 100, abin da ya sa ya zama ɗaya daga cikin siliki mafiya sauƙin tsari da aka sani. Watau tubalan nan biyu da muka ce su ne tushen ƙarfi, su ne suka cika silin tsamiya.

Amma abin da maɗinki yake sawa a allura ba sili ba ne, zare ne da aka kaɗa daga guntayen sili. Irin wannan zare yana iya rabuwa ta hanya biyu: ko silin su tsinke, ko su zame daga jikin juna. Murɗi shi ne yake hana zamewa. In murɗi ya yi kaɗan zare ya saɓule, in ya yi yawa silin su karkace daga hanyar ja, ƙarfi ya sake raguwa. Tsohuwar da take kaɗi da mazari tana dangwalar alli, wannan tsaka-tsaki take nema da yatsunta. Haka nan dahuwa da ruwan toka: aikinta shi ne narkar da danƙo, amma in toka ta yi kaifi ko dahuwa ta daɗe, sai ta fara yanka sarƙoƙin fiburoyin kansu. Ilmin kimiyya a nan yana fassara abin da masu sana'a suka gano da hannu.

Daga wannan bayani akwai abubuwan amfani ga mai rigar tsamiya. Siliki yana rage ƙarfi in ya jiƙe, saɓanin auduga da take ƙara ƙarfi, don haka ba a murɗe aikin tsamiya wajen wanki. Hasken rana mai tsawo yana raunana shi, gumi ma haka, ruwan bilic kuwa narkar da shi yake yi. Mai saye kuma yana iya gane na gaske da ƙona ɗan sili: siliki yana warin ƙonannen gashi ya bar toka mai murƙushewa, auduga tana warin ƙonanniyar takarda, zaren roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule.

Muna ba da shawara uku. Ta farko, malaman kimiyya su riƙa yin wannan awo a aji. Abin da ake bukata shi ne zare mai tsawon mita 1, da ƙusa a azara, da gwangwani, da yashi, da rula, da sikeli. A rataya gwangwani a bakin zare, a riƙa zuba yashi kaɗan-kaɗan ana rubuta tsawo, har ya tsinke, sa'an nan a auna nauyin gwangwanin. Don a daidaita kauri, a auna nauyin sanannen tsawo na kowane zare a raba sakamakon da shi. A gwada tsamiya da abawa da zaren kanti, busassu da jiƙaƙƙu. Ta biyu, kwalejojin ilmi da jami'o'in jihar Kebbi, har da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 wadda mazauninta yake nan Kalgo, su haɗa kai da masu sana'a a rubuta tsawon dahuwa da yawan toka da adadin murɗin da suke amfani da su, a gwada kowanne a ɗakin bincike. Ta uku, a sa itatuwan tsamiya da doka cikin shirin dashen itace, domin tsutsar tana cin ganyensu.

10.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa kalmar ƙarfi ta ƙunshi abubuwa huɗu mabambanta, kuma fifikon zaren gizo-gizo yana wajen haɗa ƙarfi da miƙuwa, wanda ya ba shi jimirin da ya wuce na ƙarfe da na Kevlar. Mun ga cewa wannan hali ya samo asali daga ƙananan ƙullutu masu tauri a cikin sarƙa mai sassauci, da kuma yadda ake jan zaren, har ma silikin tsutsa yakan inganta in an gyara jansa. Zaren tsamiya daga tubala iri ɗaya aka gina shi, kuma ingancinsa yana hannun mai dahuwa da mai kaɗi. Zaren kanti ya maye gurbinsa a yawancin ɗinkin yau, matan da suka iya kaɗa shi kuma tsufa yana cim musu. Saboda haka aikin rubuta iliminsu da auna zarensu ba mai jiran gobe ba ne. Muna fatan mahalarta wannan taro za su gyara mana kalmomin da muka gabatar, su kuma kai gwangwani da yashi ajinsu.